Karatun Rakiya da Ƙafar Joytun

Joytun Nessa, wadda duk layinmu ake kira Maman Mahfuza, 'yar gajeruwar mace ce mai saurin tafiya, irin wadda in kun fito ta'alimi tare sai dai ki hango bayan mayafinta. To, a da ke nan. Yanzu da sanda take takawa, kuma ga yadda aka yi sandar ta shigo hannunta. Allah ya yafe mana abin da harshe ya ƙara.

A Silet aka haife ta, can Bangaladash, a ƙauyen da ruwa yake cinye rabin shekara. Ba a sa ta boko ba, karatun Alƙur'ani ma iyakarta surorin salla. Mijinta Mosobbir Ali, Allah ya jiƙansa, shi ya riga ta zuwa Amurka. Ya daɗe yana wanke tukwane a gidajen abinci na New York, sannan ya ɗauko ta suka dawo nan Hamtramck, gefen Detroit, ya kama aiki a inda ake ɗinka kujerun mota. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, Mahfuza. An yi biyu kafin ita, ba su zauna ba.

Filin bayan gidansu bai taka kara ya karya ba, amma ba wadda ba ta san rumfar duman Joytun ba. Da tsofaffin bututun famfo da ƙarafan gado da guntayen waya ta haɗa ta da hannunta. Lau ɗinta, dogon duman nan da muke miyar kifi da shi, yakan kai tsawon hannun ƙato. Kuma ba ta taɓa yarda ta shiga lambun da takalmi ba. Mijinta ya yi faɗa har ya gaji, 'yarta ta yi, likita ma ya yi tun ranar da aka ce tana da ciwon suga. Ita kuwa cewa take shuka ba ta sanin mutum ta cikin roba.

Ba ma sayen iri a kanti. Gidan da duma ya yi kyau bana, nan ake zuwa roƙo idan ƙanƙara ta fara narkewa. Ki zubo wainar shinkafa a kwano, ki je ki zauna, a sha shayi, a tauna ganyen pan, wanda shi ne goronmu, a yi maganar ciwon gwiwa, sai can ki kira matar gidan Bhabi, wato matar yaya, ki ce, a sam min daga hannun nan mai albarka. Hana iri abin kunya ne, ba wadda za ta ce miki a'a ido da ido. Amma akwai masu ƙwauro a zuci, su ƙulle miki tsohon iri mataccen a tsumma suna ta murmushi. Ki shuka, ki yi ta ban ruwa, shiru kamar an shuka dusa. Kowace mace a layin nan an taɓa yi mata haka, ko kuwa tana zargin an yi mata. Joytun ba ta taɓa yi wa kowa ba, amma an yi mata sau ɗaya tana sabuwar zuwa, kuma ba ta manta ba.

Mahfuza ita ce bakin gidan tun tana firamare. Mai gyaran wuta, malamar makaranta, likita, duk ta bakinta ake magana. Tun tana ƙarama ta ce likita za ta zama, kuma ba ta taɓa sauya magana ba. To, a ƙasar nan sai kin gama jami'a tukuna ki nemi makarantar likitanci, ƙofar kuwa kamar kafar allura. A jami'ar kowa da babban karatunsa, wasu kuma su ƙara wani ɗan ƙarami a gefe, wanda mu iyaye mata muke ce wa ɗan rakiya. Babban karatun Mahfuza ilimin halittu ne. Ɗan rakiyarta kuwa Sifaniyanci, wai don ta riƙa jin bakin marasa lafiya 'yan Meziko.

Tana tsakiyar jami'a ƙodar ubanta ta tsaya. Aka ce sai wankin ƙoda, kuma ba ranar dainawa. Joytun ba ta tuƙi, ba ta Turanci. Yarinyar ce za ta kai shi, ta zauna, ta faɗa wa ma'aikata abin da yake ji, ta dawo da shi, sannan ta ruga makaranta. Wata rana ta zauna a kicin ta ce lokutan sun yi karo, ajin Sifaniyanci da wankin ƙodar Abbu rana ɗaya, sa'a ɗaya. Joytun tana yanka albasa, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, “Wanne ne ƙaramin a cikin karatun naki? To ajiye ƙaramin.”

Aka ajiye shi. Maganar ta wuce kamar ba a yi ba.

Mosobbir ya cika a daidai lokacin da Mahfuza take shirin babbar jarrabawar shiga likitanci. Ta zauna jarrabawar idonta bai bushe ba, makin kuwa ya fito ba yabo ba fallasa. Duk da haka ta nema. Sanyin shekarar nan kaf a jira suka yi shi. Wasu makarantun suka ce a yi haƙuri, wasu ko haƙurin ba su bayar ba. Joytun takan gane amsar daga yadda yarinyar take kife waya a kan tebur ta tashi ta kama wanke-wanken da an riga an wanke.

A shekarar ne aka ɗauki Shahnur, ɗan Hosne Ara ta bakin layi, a makarantar likitanci. Tare suka yi firamare da Mahfuza, jami'a ɗaya, babban karatu ɗaya. Aka yi walima a ƙasan masallaci. Joytun ta je, don ba ta da hassada, ita ce ma a kan tukunyar shinkafa. Kawun yaron ya miƙe da lasifika yana lissafa abin da ɗan ya yi, har ya zo kan cewa bayan babban karatunsa ya haɗa da ɗan rakiya, ya kai shi ƙarshe. Ludayi ya tsaya a hannun Joytun.

Ta kwana ta tashi da lissafin mai lambu. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya, wannan ya yi 'ya'ya wannan bai yi ba. Ina za ki duba in ba iri ba? Shahnur yana da rakiya, Mahfuza ba ta da ita. Kuma wa ya cire mata? Uwar da ta haife ta, da bakinta, tana yanka albasa.

Sai ta soya waina ta nufi gidan Hosne Ara. Aka sha shayi, aka tauna pan, aka yi maganar gwiwa. Can ta ce, “Bhabi, yau ba duma ya kawo ni ba. Rakiyar da Shahnur ya yi nake so ki gaya min, wace iri ce, don Allah.”

Hosne Ara ta kwashe da dariya har tana dafa cinya. Ta ce, “Wannan shiriritar? Ilimin taurari, wai. Yaron da tun yana ƙarami yake hawa rufin gareji kamar mai neman watan salla. Ni da ubansa mun yi ta faɗa, ya ce shi dai yana so. Da kaina na tambaye shi ko ta taimaka, ya ce ko mutum ɗaya bai ɗaga maganar ba. Ki bar yarinya ta sake jarrabawa, Maman Mahfuza. Ba nan take ba.”

Joytun ta yi murmushi, ta yi godiya, ta ɗauki kwanonta. A hanya ta yi ta juya maganar. Taurari. Likita da taurari, me ya haɗa kifi da kaska? Ta ce a ranta, ga shi nan, an ƙulle min mataccen iri a tsumma ana min dariya. Daga ranar gaisuwarsu ta koma ta fatar baki.

Mahfuza tana da nata shirin. Za ta karɓi shaidar gama jami'a, ta kama aiki a wani ƙaramin asibiti nan kusa da gida, ta sake karatun jarrabawa a nutse. Da uwar ta kawo maganar rakiya sai ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Da ta ga ba wasa ba ta zauna ta yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce akwai malamar da aikinta ke nan a jami'a, ba masu neman likitanci shawara, kuma ta gaya mata maki ake dubawa, da jarrabawa, da zaman da mutum ya yi da marasa lafiya, da yadda yake in an zauna da shi. Rakiya ba ta ƙarawa ba ta ragewa, mai so ya yi don yana so. Ta ce rauninta a jarrabawa yake, ita ta sani.

Joytun ta ce, “Malamar nan ita ta haife ki?”

“Ammu, aikinta ne.”

“Mai shago ma aikinsa ne, ya taɓa gaya miki inda yake saro kaya? Ni abin da idona ya gani nake faɗa. Mai shi ya shiga, marar shi tana nan tana wanke min kwanuka masu tsabta.”

Mahfuza ta ce in za ta ƙarasa rakiyar sai ta ɗage gama jami'a da shekara guda, ga aiki, ga karatun jarrabawa, gida sai dai ta zo kwana. Wa zai kai uwar asibitin suga? Joytun ta ce wannan ba damuwarta ba ce. Suka yi ta ja. Yarinyar ta yi fushi, ta yi lallashi, ta kira uwar taurin kai irin na akuyar Silet, uwar ta ce ai nonon akuyar ta sha. Daga baya Joytun ta daina gardama, ta koma kuka a kan sallaya da azumin nafila, ita da aka hana ta zama da yunwa. Rannan da yamma ta ce, murya ƙasa-ƙasa, “Ni na ce ki ajiye shi. Ki bar ni in mayar da abin da na ɗauke kafin in je in tarar da ubanki.”

Mahfuza ta miƙa mata kofin ruwa. Ta ce, “Zan yi, Ammu. Don ke zan yi, ba don su ba. Amma ki sha ruwa yanzu.”

Maganar asibiti kuwa, Joytun ta ce an gama, Hosne Ara Bhabi za ta riƙa kai ta, ai suna da mota. Ƙarya ce, Allah ya yafe mata. Ko da wasa ba ta roƙi Hosne Ara ba, kuma ta san 'yarta ba za ta je ta bincika maganar manya ba.

Aka shiga shekarar. Mahfuza ta fita da duhun asuba, ta dawo bayan isha, ta ci shinkafa a tsaye tana maimaita kalmomin mutanen Meziko. Ta rame, idonta ya faɗa. Joytun tana ganin haka tana jin tausayi, amma a ƙasan tausayin akwai sanyi, irin na wadda ta binne iri mai kyau tana jiran ruwa.

Da kaka ta ƙare, tana sauke busassun igiyoyin duma daga rumfa kafin ƙanƙara ta sauko, ta taka wata guntuwar waya mai tsatsa. Ba ta ji komai ba, suga ya riga ya kashe mata tafin ƙafa. Sai da ta shigo kicin ta ga jini yana bin ta a ƙasa. Ta goge tas kafin kowa ya gani. Ta kwaɓa kurkum da man mastad, ta yi tofi, ta ɗaure da tsumma.

Ciwon bai rufe ba. Sau ɗaya ta yi ƙarfin hali ta hau bas ita kaɗai ta je asibiti. Suka haɗa ta da tafinta ta waya, wani mai Bangalancin littafi irin na mutanen Dhaka, harshen da duk rayuwarta in ta ji shi sai ta ji kanta 'yar ƙauye mai ƙafa da taɓo. Rabi ta gane rabi ya wuce ta, tana ta to, to. Amma babban abin ta gane shi sarai. So suke ta riƙa dawowa a kai a kai ana wanke ciwon, kada ta taka ƙafar, kuma ta zo da wani nata. Wani nata ɗaya ne a duniya, kuma yana aji. Ta karɓi magani ta sha har ya ƙare, ba ta koma ba.

Sai ta ɗauko huffin marigayi daga akwati, safar fatar da yake sawa da sanyi. Matar da take wanke ƙafa a alwala har tsakanin yatsu ko da ruwa yana yanka hannu, sai ga ta tana shafa a kan huffi. Ta koma salla a zaune, ta ce gwiwa. Mahfuza ta tsokane ta, ta ce, “Ammu, yaushe kika tsufa ban sani ba?” Ta ce, “Ranar da kika fara yi min Sifaniyanci a kan shinkafata.” Suka yi dariya.

Da ƙafar ta fara wari, Joytun ta tsiri dafa busasshen kifi kusan kullum. Wanda ya san busasshen kifinmu ya san ba warin da yake tsayawa a gabansa. Ta bi da turaren wuta. Maƙwabta suna ta tsiya wai Maman Mahfuza ta buɗe kasuwar kifi. Zazzaɓi yakan zo mata da yamma, sai ta lulluɓe ta ja carbi, tana roƙon Allah ya riƙe mata ƙafar nan har yarinya ta rubuta jarrabawar ƙarshe ta rakiya, bayan nan ya yi yadda ya so. Haka take roƙo, kamar mai ciniki. Ta san ba a ciniki da Ubangiji, kuma sanin yana cin ta fiye da ciwon.

Saura kaɗan a gama. Wata Asabar bayan azahar, ƙanƙara ta fara narkewa a bakin titi, Mahfuza tana gida. Uwar ta idar da salla ta ja jiki ta koma kujera, yarinyar ta sunkuya za ta naɗe sallaya. Sai ta tsaya. A wajen da ƙafa take sauka akwai wani tabo, sabo a kan tsoho, an wanke an sake wankewa bai fita ba. Ta kai hanci. Ta ɗago ta dubi huffin.

“Ammu, cire.”

“Ina da alwala.”

“Kin idar. Cire.”

Joytun ta ja ƙafar ƙarƙashin kujera. Ta ce, “Bayan jarrabawarki.”

Mahfuza ta durƙusa ta kama ƙafar da hannu biyu. Uwar ta doke ta a kafaɗa, abin da ba ta taɓa yi ba tun yarinyar tana goye, ita kuwa ba ta saki ba. Huffin ya manne, sai da ta sa almakashi. Da ta ga abin da ke ciki ba ta yi ihu ba. Ta dai zauna daɓas a ƙasa, ta ce, “Tun yaushe?” Joytun ta ce tun sauke rumfa. Yarinyar ta ƙirga watannin a ranta, duk watannin da take shigowa tana cin shinkafa a tsaye a kicin ɗin nan, ita mai son zama likita.

Yatsu biyu aka cire da gefen ƙafar. Likitocin suka ce da an ƙara jinkiri da abin ya haura. A barandar asibiti Mahfuza ta tare Hosne Ara, ta kira ta Khala, wato inna, ta ce, ke da kike kai ta, ba ki ga komai ba? Nan Hosne Ara ta ji an yi wata da watanni ana amfani da sunanta. Ba ta tona ba a lokacin. Ta ce Allah ya kiyaye gaba, ta tafi gida ta dafo romon kaza, ta dawo ta zauna a bakin gadon. Joytun ta juya fuska bango.

Mahfuza ta ce ta bar rakiyar, ta bar ta har abada, ba za ta sake taka ajin ba. Joytun da ko zama ba ta iya yi ta kama wuyan rigarta. Ta ce, “In kika bari yanzu, yatsuna sun tafi a banza. Ki je ki rubuta. Bhabi tana nan.” Wannan karon gaskiya ta faɗa. Yarinyar ta je ta rubuta, ta ci. Ta kawo shaidar jami'a asibiti, Joytun ta sa aka ɗora mata yatsa a kan layin da rakiyar take, ta shafa, ta kai hannun fuska.

Daga nan Mahfuza ta zauna wa babbar jarrabawa da gaske, tana karatu tana wankin ciwo safe da yamma. Makin ya tashi sosai. Ta sake nema. Da sanyi ya dawo aka kira ta ganawa a wurare, ta sa baƙar kwat ta aro ta je. Wata safiya waya ta yi ƙara tana cikin shafa wa uwar mai a ƙafa. Wata makaranta ce can arewa, tafiyar yini a mota. Sun ɗauke ta.

Joytun ta yi sujada daga kan kujera, ta yi kuka, ta kira sunan mijinta. Layi ya cika da barka. Sai da gida ya watse ta kira 'yarta ta zaunar da ita a gabanta.

“Da kika je ganawar, sun yi maganar rakiyar?”

Mahfuza ta ce ai komai yana gabansu, sun ga komai.

“Ba haka na tambaye ki ba. Ki dubi Allah. Sun tambaya?”

Yarinyar ta dubi ƙafar, ta dubi bango. Ta iya ƙarya kamar kowa, amma ba bayan an ce ta dubi Allah ba. Ta ce, “Ba wanda ya tambaya, Ammu. Sun tambayi yadda makina ya tashi. Sun yi tambaya a kan Abbu. Wani tsoho ya tambaye ni ko zan iya sanyin garinsu.”

Joytun ta ja carbinta. Can ta ce ƙila sun karanta a zuci, ba komai ake faɗa a fili ba. Mahfuza ta ce ƙila. Ba ta gaya mata cewa a cikin waɗanda aka ɗauka tare da ita da yawa ba su taɓa yin wata rakiya ba. Ba sai ta faɗa ba, uwar da ta haife ta ta karanta a fuskarta. Daga ranar Joytun ba ta sake cewa a nuna mata layin nan ba. Ta dai je gidan Hosne Ara da sandarta, ba waina ba komai, ta ce, Bhabi, irin da kika ba ni mai rai ne, ni ce ban shuka ba. Hosne Ara ta ce ta zauna ta sha shayi, ta bar zancen.

Ana cikin lokacin roƙon iri Piara ta zo. Yarinya ce a kanmu, daga ƙasan layi, mai ciwon zuciya da hawan jini, mijinta yana aikin dare. Babbar 'yarta tana jami'a, ita ma likita take so, kuma ita ce bakin gidansu. Ta shigo da waina a kwano. Aka sha shayi, aka tauna pan. Tun kafin ta buɗe baki Joytun ta san ba duma ba ne.

Piara ta ce, “Khala, a sam min daga hannun nan mai albarka. Rakiyar Mahfuza, Sifaniyanci ne ko? Tawa ta ce wai ba lokaci, wai saboda kai ni asibiti.”

Joytun ta gaya mata komai. Abin da Hosne Ara ta faɗa, abin da malamar jami'a ta faɗa, abin da aka tambaya a ganawa da abin da ba a tambaya ba. Piara tana gyaɗa kai tana murmushi, kuma Joytun ta san murmushin nan, nata ne, ta taɓa yin sa a wani falo. Sai ta sunkuya da ƙyar ta zare safa, abin da ba ta yi wa kowa in ba 'yarta ba. Ta ajiye ƙafar a kan kafet, guntuwa, da ɗinki kamar bakin buhu.

Ta ce, “Ga kuɗin irin. Kuma ba wanda ya tambaya.”

Piara ta yi salati, idonta ya kawo ruwa da gaske. Ta yi addu'a mai tsawo. Sannan ta goge ido da bakin mayafi, ta ce a hankali, “Allah ya ƙara sauƙi, Khala. Amma dai ta yi shi, kuma ta shiga.”

Joytun ta mayar da safarta. Ai ba ƙarya aka faɗa ba. Mahfuza ta yi, kuma ta shiga. Duk layi haka ya gani, kuma haka za a ba da labarin a walimar da ake shiryawa, da lasifika. Piara ta ɗauki kwanonta ta yi godiya mai yawa, irin godiyar wadda aka ƙulle wa mataccen iri.

Mahfuza ta tafi arewa a ƙarshen bazara. Tana kira kullum, kuma ba ta yarda da baki, sai uwar ta juya waya ta nuna mata tafin ƙafa. Rumfar duma ta yi rabi bana, don da takalmi Joytun take shiga, kuma ta ce shukar ta gane. Baccinta ya ragu. Wani lokaci takan ce Allah ne ya karɓi yatsun ya ba da gurbin, wani lokaci ta yi istigfari a kan wannan maganar, ta ce Allah ba ya buƙatar yatsun kowa, wautarta ce kawai. Ba ta tsaya a kan ɗaya ba har yau.

Da makaranta ta buɗe, tana zaune bakin taga da safe ta ga 'yar Piara ta wuce da jaka a baya, tana sauri, tana motsa baki ita kaɗai kamar mai hadda, yadda Mahfuza take yi da kalmomin mutanen Meziko. Can da hantsi sai ga Piara ta fito ita kaɗai da jakar asibiti, ta tsaya wajen jiran bas, hannu ɗaya dafe da ƙirji, tana waige-waige kada a gan ta.

Joytun ta daɗe tana kallo. Ta ce la haula, ta jawo takalmin nan nata mai nauyi na asibiti, ta ɗauki sanda. Kafin ta kai bakin titi bas ɗaya ta zo, Piara ta hango ta tafe, ta ji nauyi ta bar ta ta wuce. Da ta iso tana haki Piara ta ce, ina zuwa haka, Khala, ai ke ma ba ki da Turanci. Joytun ta ce ta sani. Ta ce ita dai za ta zauna a gefe, in Piara ta fara to, to, ta dangwara mata sanda a ƙafa. Kuma in sun dawo, da bakinta za ta gaya wa yarinyar cewa uwarta ita kaɗai take zuwa asibiti.

Piara ta ce, “Kada ki yi min haka, Khala.”

Joytun ta dogara da sandarta. Suka tsaya su biyu a cikin iska, kowacce ta ɗaure fuska, suna jiran bas ta gaba.